Ledojin da Na Jera a Gonar Kawu

Aikin farko da na samu bayan na gama jami'a da bautar ƙasa shi ne auna kashin shanu. Ba haka aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ba, amma haka mutanen unguwarmu a Talata Mafara suka fahimce shi, kuma ba zan ce sun yi kuskure sosai ba.

Wata ƙungiya ce mai bincike ta ɗauke mu, mu kaɗan, aka rarraba mu ƙananan hukumomi. Ni aka ba ni Mafara da Bakura da wani yanki na Maradun. Abin da ake son sani, kamar yadda shugabar aikin ta yi mana bayani ranar horo, shi ne irin nauyin da naman shanu yake ɗora wa ƙasa kafin ya iso tukunya: ruwan da sa ya sha, ciyawar da ya ci, da iskar da yake fitarwa in yana tuƙa, wadda masana suka ce tana cikin abubuwan da ke ƙara wa duniya zafi. Ba mu da na'urar kama iska. Sai dai a zagaya ƙirjin dabba da tef a kimanta nauyinta, a auna kashinta a kimanta abin da ta ci, sannan wasu mutane da ban taɓa gani ba su zuba alƙaluman a kwamfuta su fitar da sauran. An ba ni sikeli mai ƙugiya, da tef, da damin ledoji, da wayar da fom ɗin yake ciki.

Na daɗe a zaune kafin wannan aiki ya zo. Mahaifiyata ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a, yayyena suna Gusau da iyalansu, ni kaɗai na rage a ɗakin da ke bayan zauren gidanmu, cikin gida kuwa an sa 'yan haya. Abokan karatuna sun watse, kowa ya kama gabansa. Saboda haka na riƙe aikin da hannu bibbiyu. Kowane awo sau biyu nake yi, in sun saɓa in yi na uku. Ina tsoron kuskure fiye da yadda ya kamata, na san da haka, amma sanin bai taɓa rage mini tsoron ba.

Shanun turke ba su ba ni wahala ba. Su ne waɗanda ake ɗaurewa a gida ana ba su dusa da harawa har su yi ƙiba, a kai su kasuwa ranar Talata ko a jira babbar salla. Masu su suna son a yaba. In na zagaya tef a ƙirjin sa, maigida zai matso ya ce in faɗa da ƙarfi, don maƙwabci ya ji ta bayan katanga. Dariya ba ta farawa sai na durƙusa da shebur. A wani gida na ji wata mata daga ɗaki tana cewa, "Wai wanga duk karatun da anka yi na?" Ba a jima ba suna ya bi ni, aka koma kirana malam mai sikeli, wasu kuma suna faɗin abin da ya fi haka. Da yamma nakan wanke hannu da sabulu sau biyu kafin in je teburin mai shayi, duk da haka nakan ga kamar ana ɗan matsawa in na zauna. Watakila zuciyata ce kawai. Daga baya dai na sayi risho, na koma dafa shayina a ɗaki.

Matsalar ta taso ne da aka ce dole kowane ma'aikaci ya kawo awon garke ɗaya na shanun kiwo, waɗanda ke yawo a daji. Shugaba ta ce yawancin naman da ake ci daga irin su yake fitowa, aikin da babu su rabin aiki ne. Na hau babur na je Garbadu, na je Ruwan Gizo. Ana gaisawa da ni da fara'a har a kai ƙarshen gaisuwa, da na tambayi inda makiyaya suka sauka sai fuskoki su rufe. Ta wajen Maradun kuwa an ba ni shawara kada in wuce madatsar ruwa. Wani dattijo a bakin masallaci ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, yanzu mai tambayar inda shanu suke, infoma aka ce mai. Ka yi hankali da kanka." Ya yi gaskiya. Shekarun nan ɓarayin daji sun kwashe garkuna da yawa, kuma kowa ya san ba sa zuwa sai wani ya ba su labari.

Sai na tuna da kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi a Birnin Tudu. Akwai wata al'ada tsakaninsa da wani tsohon makiyayi da kowa ke kira Baffa. Duk shekara bayan an yanke gero, Baffa yakan sauko da garkensa ya zauna a gonar Kawu. Shanu su ci kara, su kwana a ɗaure a turaku, su bar taki. Bayan 'yan kwanaki a tuge turakun a matsa gaba, haka har taki ya game gonar. Kawu kuma ya ba shi dammunan gero. Iyayensu ma haka suka yi.

Kawu ya kai ni wurinsa da hantsi. Baffa yana zaune a kan buzu a gindin gawo, siriri, da tabarau ɗaure da zare. An yi gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, sanyi, shanu, gajiya, sannan aka sake komawa kan gida. Da aka gama Kawu ya ce, "Bahillace, ga ɗan yayata na kawo maka. Boko ya yi har ya ƙare, yanzu kashin shanunka yaka so."

"Kaɗo ke nan," in ji Baffa, yana kiran Kawu da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe. "Kai ka so shi, ɗanka ya so shi. Gado na."

Na yi bayani iyakar iyawata, ina ta sa "watakila" da "a yadda aka ce mana". Baffa ya saurara bai katse ni ba. Da na yi shiru ya ce, "Ɗan boko, auna abin da kaka so. Ƙirji, kashi, ruwa, ban hana ba. Abu biyu na hana. Kada ka ƙirga min shanu. Kuma kada ka sa wurin ga cikin waya."

Na san makiyaya ba sa son ƙirge. A makaranta an ce mana tsoron jangali ne, harajin shanu na zamanin da. Na tambaye shi, cikin ladabi, ko shi kansa ya san yawansu.

"Na san su," ya ce. "Ban san yawansu ba. In guda ta ɓace tun daga nesa nika gani, yadda kaka shiga gida ka san wane na babu. Ubana bai ƙirga ba, ya ce ƙirge na jawo baki. Yanzu kuwa ba baki kaɗai ba. Lamba tahiya takai, ɗan boko. Daga bakinka ta shiga kunnen wani, daga nan ta hau babur."

Na yi alkawari. Na tuna sarai cewa ban ce "in Allah ya yarda" don in bar wa kaina ƙofa ba, na ce "na yi alkawari" kai tsaye, abin da ba kasafai nake yi ba. A lokacin ban buɗe shafin ƙarshe na fom ɗin garke ba. Da na buɗe, da ban san abin da zan ce ba.

A hanyar komawa Kawu ya kafa nasa sharaɗin. "Duk abin da ka kwasa, ka maida shi inda ka ɗauka. Takina na, da gero na saye shi. Kada ka tara min shi wuri guda, rabin gona ta ƙoshi rabi ta kwana da yunwa." Shi ma na yi masa alkawari.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk aikin, ko da yake ban gane haka ba sai daga baya. Ina sallar asuba a Mafara in hau babur, in iso rana tana fitowa, hannuwana sun sandare da sanyi. 'Ya'yan Baffa biyu, magidanta ne, su suke kora garken zuwa ruwa. Shi kuma yakan raka su ɗan nesa ya dawo saboda gwiwa. Shanun ba su yarda da tef ɗina ba, sai ya dafa wuyan saniya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, ni kuma in lallaɓa in zagaya. Matarsa tana aiko mini da kindirmo a ƙwarya. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya ajiye mini abinci ba tare da na tambaya ba, kuma ranar farko sai da na juya baya kafin in sha.

Wata safiya ya tambaye ni, "Wai gyatsar saniya ita ka ƙona duniya?"

Na ce ba ita kaɗai ba, tana dai cikin abubuwan, a yadda masana suka ce.

"To manyan motocin da ka kwasar su zuwa kudu hwa? Su ba su gyatsa?"

Na ce su ma ana lissafa su, amma ba a sashena ba.

"Kuma takin ga da Kaɗo ka rawar jiki a kai, laihi anka rubuta shi ko lada?"

Na duba fom. Yana ƙarƙashin abin da dabba ke fitarwa, babu wurin da aka tambayi abin da gona ta samu. Na ce masa ina jin wasu ne za su lissafa wannan. Ya yi dariya har tabaransa ya zame. "Kai dai komi wasu na."

Ban ji haushi ba. A gaskiya ni ma tambayar ta dame ni, har na rubuta ta a littafina don in kai wa shugaba. Na yarda aikin yana da amfani, har yanzu na yarda. Ina ganin yadda rafuka ke ƙafewa da wuri, ina ganin yadda burtalin shanu ke tsukewa. In ba a auna ba, kowa zai yi ta ɗora wa ɗan'uwansa laifi ne da baki. Sai dai ban tabbata muna auna dukkan abin da ya kamata ba.

Da farko ina kwashe kashin ne a buhu, in rataya a sikeli, in rubuta jimla, in bi in watsa shi. Bayan mako guda shugaba ta kira ni. Ta ce jimla ba ta da amfani, ana son na kowace dabba daban, don a haɗa shi da awon ƙirjinta. Na ce to. Na yi tunani a kai a kan babur, na ga ai wannan ba ƙirge ba ne, awo ne, kuma Baffa ya ce in auna abin da nake so.

Washegari da garke ya fita, na bi turaku ɗaya bayan ɗaya, kowane turke da ledarsa. Sai na tuna da Kawu. In na kwashe ledojin na kai gindin gawo inda nake rataya sikeli, yaya zan san wadda zan mayar ina? Na ciro maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, na fara rubuta lamba a jikin kowace leda, ina bin layin turaku, don kowace ta koma inda ta fito. Na ji daɗin dabarar, har na yaba wa kaina. Na jera su a tsare a gefen gona, ta ɓangaren hanya, inda ƙasa ta fi daidai. Baƙaƙen lambobi a kan fararen ledoji, manya-manya, don kada in rikice.

Ina tsakiyar awo Baffa ya dawo. Ya tsaya a farkon layi, ya sa sandarsa ya buɗe bakin leda ta farko. "Wanga na mai karyayyen ƙaho na," ya ce. Ya matsa gaba. "Wanga na ɗiyarta." Ya buɗe ta uku ya daɗe yana kallo. "Jar nan ba ta jin daɗi, dubi yadda ya yi ruwa. Sai an ba ta kanwa." Haka ya bi su, yana gane kowace saniya daga kashinta, ni kuma ina biye da shi ina mamaki, har ina cewa zan gwada shi da littafina in ga ko ya yi kuskure. Yana murmushi. Muna cikin haka wasu mutum biyu a kan babur suka zo wucewa, suka rage gudu suna kallon jerin, sannan suka wuce. Ban san su ba. Mai yiwuwa abin dariya kawai suka gani.

Da Baffa ya kai leda ta ƙarshe bai buɗe ta ba. Ya dubi abin da na rubuta a jikinta. Bai yi boko ba, amma duk mai riƙe waya ya san lamba. Ya juya ya dubi layin tun daga farko, ya sake duban hanya inda babur ya bi.

"Ka ƙirga su," ya ce.

Sai a lokacin na gani. Wallahi sai a lokacin. Na dubi ledar, lambar ta shiga kaina ta zauna.

"Baffa, ba ƙirge na yi ba. Don in mayar da takin ne, Kawu ya ce…"

"Na sani."

"Ban yi niyya ba."

"Na sani, ɗan boko. Da niyya ka yi, da ka ɓoye." Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. "Shekara nawa ina tare da su ban sani ba. Yau na sani. Kai ma ka sani. Su waɗancan, Allah kaɗai ya san ko sun iya karatu."

Bai ɗaga murya ba. Ya koma kan buzunsa ya zauna. Na zazzage ledojin da sauri, kowace a turkenta, na tattara su na cusa a buhu. Da zan tafi na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce babu komai, ya yi mini addu'ar sauka lafiya. Ƙwaryar kindirmo tana nan a inda aka saba ajiyewa, ban iya taɓa ta ba.

Kwana biyu na kasa komawa. Na ce wa kaina babur ne yake son gyara, kuma da gaske yana so, amma ba sosai ba. A rana ta uku da na isa, turaku babu, bukkoki babu, sai toka da sawun shanu da suka nufi yamma. Rabin gonar ko kaɗan taki bai taɓa shi ba.

Kawu yana tsaye a tsakiyar gonar. Bai amsa gaisuwata har ƙarshe ba. "Da asuba sunka tashi," ya ce. "Ko geronsa bai tsaya ɗauka ba. Tun zamanin kakanka ba a taɓa tashi ba a gama gonar ga ba. Mi ka yi mai?"

Na faɗa masa komai. Ya saurara, sannan ya tambaya, "To su nawa na?"

Na ce ba zan iya faɗa ba.

"Ni ma?"

"Kawu, na yi alkawari."

"Alkawarin da ka riga ka karya?" Ya tsuke baki ya kaɗa kai. "Ku 'yan boko, in kun ɓata abu sai ku tsaya gadinsa." Ya juya ya tafi. Ya daɗe bayan nan bai kira ni ba, ni ma kunya ta hana ni zuwa.

A ƙarshen wata aka ce kowa ya tura fom. Na zauna a ɗakina bayan la'asar, na cika komai: awon ƙirji, awon kashi, bokitan ruwa. Na kai shafin ƙarshe. Gurbi biyu ne a ciki, kowanne da jan tauraro, alamar dole: yawan dabbobin garke, da maɓallin da ke ɗaukar wurin a taswira. Wurin ma ba sai na koma ba, wayar ta ajiye inda na yi awo, tana jira in danna in tabbatar. In ba a cika su ba fom ba ya tafiya.

Na kira shugaba. Mace ce mai haƙuri, ba ta taɓa yi mini tsawa ba. Na tambaye ta ko za a iya barin gurbin biyu.

"Ba ka samu yawansu ba ne?"

Da na ce e, da ta ba ni wata hanya, ko ta ce in kimanta. Amma sai na ce, "Na sani, ranki ya daɗe. Amma na yi wa mai su alkawari."

Ta yi mini bayani a hankali. Ba a sa sunan kowa. Bayanan a kulle suke, mutum kaɗan ke ganinsu. In babu yawan shanu ba za a san nauyin garken a kan ƙasa ba, in babu wuri ba za a san irin ciyawar da ruwan yankin ba, kuma masu duba aiki za su ce a ɗaki na zauna na ƙirƙira. Ta ce, "Kuma ka ce ya tashi daga wurin. Wa za ka cutar?"

Duk abin da ta faɗa na yarda da shi, ko kusan duka. Ban taɓa jin an ce bayanan irin wannan aiki sun faɗa hannun ɓarayi ba. Amma na san wayar nan ta bi hannun wasu kafin ni, za ta bi hannun wasu bayana. Na kuma san cewa in Baffa zai dawo baɗi, gonar nan zai dawo, a watan nan, domin ba shi da wata. Watakila haɗarin bai kai ƙwayar gero ba. Sai dai ba ni da sikelin da zan auna shi, kuma ba shanuna ba ne.

"Ka san in babu garke, sashenka bai cika ba," ta ce.

Na ce na sani.

"Ka yi tunani zuwa gobe."

Na yi tunanin. Na fita na zagaya har bakin kasuwa na dawo, ban tsaya da kowa ba. Ban san wanda zan tambaya ba ma. Yayyena za su ce in cika in huta, Kawu ba ya magana da ni, wanda ya fi cancanta in tambaya kuwa ban san inda yake ba. Da safe na goge wurin daga wayar, na tura na shanun turke kaɗai. Awon ƙirji da na kashi na garken ma ban tura ba, domin duk wanda ya ƙirga layukan zai sami abin da na ɓoye. Aikin kwanakin nan duka ya rage a littafina.

Da aka shiga zango na biyu na aikin, ba a kira ni ba. Ba a ce don wannan ne ba, an ce an rage ma'aikata, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Na mayar da sikeli da tef da waya. Ledojin da suka rage aka ce in riƙe.

Da damina na daure na je gaida Kawu. Ya sauko, har ya sa aka kawo mini fura. Sannan ya kai ni gona. Gero ya yi duhu ya yi tsawo tun daga bakin hanya har tsakiya, daga nan ya rage tsawo ya yi fari-fari, kamar an ja layi da igiya. Muka tsaya a kan layin. Na tambaye shi ko ya ji labarin Baffa. Ya ce an ce yana wajen Bakura ta yamma, wasu kuma sun ce ya ƙetare iyaka. Dammunan geronsa suna nan a rumbu, bai taɓa su ba.

Na sake ganinsa sau ɗaya, a kasuwar shanu ta Mafara, ranar Talata. A lokacin na fara koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, na bi ta kasuwar ne don in gajarta hanya. Yana tsaye kusa da wani bajimi fari, dillali yana ta surutu a gefensa. Na yi niyyar in wuce, ƙafata ta ƙi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya gane ni, ya miƙo hannu. Muka yi gaisuwa cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba. Ya tambayi Kaɗo, na ce yana lafiya, geronsa yana jiransa. Ya ce ya ji.

Ya ja ni nesa da dillalin kaɗan. "Ka hwaɗa ma wani?"

"A'a, Baffa."

"Waya hwa?"

"Ban sa ba."

"Masu aikin sun yarda?"

Na ce aikin ya ƙare. Ya dube ni, ina jin ya fahimci abin da ban faɗa ba.

"To ka manta da lambar."

"Na gwada. Ta ƙi fita."

"Ni ma," ya ce. Ya shafa bayan bajimin. "Amma ƙirgenka ya tsuhwa, ɗan boko. Ba haka suke ba yanzu."

Na so in tambaye shi ko ƙaruwa suka yi ko raguwa, in raguwa ce kuma, ko sayarwa ce, ko ciwo, ko mutanen babur. Na so in tambaye shi ko zai sauka a gonar Kawu bana. Na buɗe baki, dillali ya kira shi, wani mai saye ya zo da babbar mota tana jira. Ya ce mini in gaida gida, ya juya.

Kaka ta kusa. Kawu ya ce ya sassaƙa sababbin turaku ya ajiye, ko da za a zo. Ya ce in an zo kada in taka gonar sai an tashi, na ce to. Littafin yana ƙarƙashin katifata, na sha cewa zan ƙone shi ban ƙone ba. Jiya ɗaya daga cikin matan 'yan hayarmu ta aiko a tambaye ni ko ina da leda, na buɗe buhun na zaɓo mata waɗanda ba a rubuta komai a jikinsu ba.